Abin da Ya Riƙe Kakana a Fanya

A gidanmu akwai kalmar da ba a faɗi in Baba yana kusa, ita ce Fanya. Muna yara mun ɗauka wani zagi ne na manya. Sai da na yi wayo na gane sunan wuri ne, wani tsibiri can cikin teku gaba da Kalaba, wanda Turawan Sifen suka mulka suka cika shi da gonakin koko, irin kokon da ake yin cakulan da shi. Gonakin nan hannu suke ci, mutanen tsibirin kuma ba su da yawa, saboda haka daga ƙasarmu ake kwaso leburori. Wasu da saninsu suke tafiya, wasu da romon baka ake jan su.

Kakana mai rakiyar shanu kudu ne. Ya bar kakata ko wankan jego ba ta gama ba, da Baba, ɗansu na fari, a cinyarta, ya ce zai kai shanu ya dawo. Abokan tafiyarsa suka dawo, suka ce sun gan shi a Kalaba ya shiga kwalekwale da masu ɗibar leburori. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Baba ya tashi ana nuna shi a gari, ɗan wanda ubansa ya gudu. Ya riƙe abin nan a ransa har furfura. In wani ya yi kuskuren taɓo maganar, sai ya ce, "Ni ba ni da uba. Wanda ya shanye mangwaro ya yar da ƙwallon ai ba ya waiwayensa." Daga nan kowa ya kama kansa.

Abu ɗaya kakana ya bar masa, cindo, ɗan ƙaramin yatsa na shida a hannun hagu. Da wanzami ya zo zai cire, kakata ta hana, ta ce a bar mata abin da za ta riƙa kallo. Ni ma na gado shi, a hannu ɗaya, a wuri ɗaya.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a gidan Hausawa na da ya san me wannan yake nufi: uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, kunya ce. Ƙannena duk Baba yana kiransu da sunansu, har da na tsokana. Ni kuwa "ke" ce, in an yi mini gata a ce "'yar nan". Na san al'ada ce, amma wallahi sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ranar da ya sauka a filin jirgin Dubai, inda nake zaune ina aiki, ya hango ni cikin taron jama'a, sai ya ɗaga sanda yana cewa, "Ke! Ke!" Rabin mutanen wurin suka waiwayo. Na ce masa, "Baba, yanzu da ban gan ka ba, haka za ka yi ta ke-ke har dare?" Ya ce, "To ba ga ki kin zo ba?"

Ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, muka haɗa kai da ƙannena na kawo shi a yi masa aiki. Ƙarshen 2019 ne. Na sauke shi a ɗan gidan hayata na unguwar International City, na bar masa gado na koma kan katifa a falo. Likita ya ja ni gefe ya ce kafin ranar aiki ba a son komai ya tayar masa da hankali. Ya maimaita, yana kallon idona. Na ce inshallah, a raina ina cewa ai ba ka san tsohon nan ba, ko gishiri ya yi yawa a miya sai an ji muryarsa a bene na sama.

A lokacin ina aiki a wani ofishin aika kaya a unguwar Al Khabaisi. 'Yan kasuwa su sayi kaya a kasuwannin Deira, mu auna, mu loda a kwantena. Tun da na fara aikin, duk wanda ya zo zai aika kaya Ikwatoriyal Gini, ƙasar da tsibirin nan yake cikinta yanzu, sai in tuna da kakana. Nakan ɗan yi tambaya a kaikaice, su kaɗa kai, su ce ba su sani ba. Har na daina.

Ana nan sai ga wata dattijuwa ta shigo da masu dakon kaya daga kasuwar Murshid Bazaar, atamfofi da turaren wuta da abayoyi. Fara ce, gajeriya, mai kaifin ido. Ta ji ina waya da Hausa, ta juyo ta yi mini sallama da wata irin Hausa ta kakanni, wadda rabon da in ji irinta tun rasuwar kakata, sai dai tana tsoma wasu kalmomi da ban taɓa ji ba. Ta ce daga Malabo take, babban birnin tsibirin nan. Babanta Bahaushe ne mahauci, ya rasu tana ƙarama, uwarta kuma 'yar tsibirin ce.

Ta fara ƙirga kwalayenta da yaren Sifen, ba ta ma san tana yi da ƙarfi ba. Akantarmu, wata 'yar Filifin mai yawan dariya, ta ɗago kai daga kwamfuta ta ƙarasa mata ƙirgar. Suka kalli juna suka fashe da dariya. Na ce, "Kai, ku kuma a ina kuka san juna?" Akantar ta ce ai Turawan nan sun mulke su sama da shekara ɗari uku, har sunayen danginsu na Turawan ne, kuma har gobe kakarta da wannan ƙirgar take cinikin kifi. Na tsaya ina kallonsu, ɗaya daga can gabashin duniya, ɗaya daga bakin tekunmu, ashe bulala ɗaya ce ta koya wa kakanninsu lissafi. Su suna dariya, ni ban yi ba.

Na miƙa wa Hajiyar shayi da hannun dama, na tallafo kofin da na hagu. Ba ta karɓa ba. Ta kama hannuna na hagu ta juya shi.

"'Yata, ke mutumiyar wane gari ce?"

Na faɗa mata garinmu. Ta yi salati, ta zauna a kan kwali.

Ta ce a unguwarsu ta Hausawa, tana yarinya, akwai wani tsoho mai gadin masallaci. Yana ɗingishi, icen gona ya taɓa faɗo masa a ƙafa. Yana da cindo a hannun hagu, kuma duk wanda ya tambaye shi garinsu, wannan garin yake faɗi. Ya rasu bayan tafiyar Turawa, a ɗakin da ke jikin masallacin, 'yan unguwa suka yi masa sutura.

Na ce, "Hajiya, ya taɓa maganar iyalinsa? Ya taɓa ambaton ɗa?"

Ta ce, "Ban taɓa jin sunan wani nasa a bakinsa ba. Mu dai a wurinmu ba shi da kowa."

Na ji kamar in kurma ihu. Shekara da shekaru ina neman labarin nan, ga shi ya zo har teburina, kuma abin da ya kawo shi ne ainihin abin da Baba yake faɗi tun ina goye. Cikin ruɗewa na gaya mata cewa mai cindon ɗa ya bari, kuma ɗan yana nan a ɗakina yana jiran aikin zuciya. Ina rufe baki na yi nadama. Ta ce ai kuwa ba za ta ji dattijo yana kwance a baƙuwar ƙasa ta koma gida ba ta duba shi ba, ranar Juma'a tana nan tafe. Na roƙe ta, na ce to don Allah kada ta ambaci Fanya, in ma maganar ta taso ta ce masa tsohon yana yawan maganarsa. Ta dube ni ta ce, "Dubiya zan je. Ba zan tayar da magana ba. Amma ƙarya, 'yata, ban yi wa mai lafiya ba, balle marar lafiya."

Na kira ƙanena a Kano na gaya masa. Ya ce, "Yaya, kada ki kuskura ki bar matar nan ta shiga gidan. In wani abu ya same shi, ke za ki amsa." Na ce, "Sannu mai gari, kana can kana ba da umarni. Zo ka hana ta mana." Na kashe wayar ina huci, amma na san gaskiya ya faɗa. Ranar Lahadi za a shiga da Baba. In na yi shiru, zai iya tafiya da zuciyar da ya ɗauka tun yarinta. In labarin ya fito, ina tsoron ya ƙarasa shi kafin likita ya taɓa shi. Kwanakin nan ko abinci ban san me nake zubawa a bakina ba.

Juma'a bayan la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofa, da ledar lemo da dabino. Na leƙa ta ramin ƙofa, na yi niyyar in yi lamo kamar ba kowa. Baba daga ciki ya ce, "Ke, ba ki ji ana buga ƙofa ba ne?" Na buɗe.

Aka gaisa, aka yi ya jiki. Na zauna a bakin kujera ina addu'a ta tashi da wuri. Amma Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zaga ƙasa, kunnensa ba ya barin baƙon harshe ya wuce. Ya ce, "Hajiya, Hausarki ba ta Kano ba ce, ba ta Nijar ba, ba ta Gana ba. Daga ina?"

Na yi caraf na ce, "Baba, daga can kudu take, abokiyar cinikinmu ce. Hajiya, tasi fa yana wahala a nan in yamma ta yi."

"Ba ke na tambaya ba."

Ta ce, "Daga Malabo, Alhaji."

"Ina ne Malabo?"

Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ku Fanya kuke ce mata."

Baba ya ajiye lemon da yake ɓarewa. Hannunsa na hagu yana kan gwiwarsa, ita kuma ta kasa ɗauke ido daga kai, har hawaye ya zubo mata. Ya bi idonta ya kalli hannunsa, sannan ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa ganin ya yi mini irin wannan kallon ba.

"Wato ke kika shirya wannan."

"Wallahi Baba..."

"Rufe mini baki." Ya koma gare ta. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi ihunsa ban tsoro. "Kin san shi ke nan. Yana raye?"

"Ya rasu tuntuni, Alhaji. An yi masa sutura ta Musulunci."

"To. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah. Ya taɓa kiran sunana?"

Na zuba mata ido ina roƙonta ba tare da na buɗe baki ba.

Ta ce, "Ban taɓa ji ba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Alhamdulillahi. Na gode. Dama na sani." Ya lalubi sandarsa zai tashi, na ga leɓensa ya yi fari, goshinsa ya tsatso da gumi duk da sanyin ɗakin. Na miƙe zan riƙe shi ya ture hannuna. Ya yi taku biyu, sai ya tsaya bai juyo ba. Ya ce, "Me ya riƙe shi? Ai wasu sun dawo. Na ga waɗanda suka dawo da idona, da akwatinsu da rediyonsu. Wata matar ya samu?"

Ta ce bai taɓa aure a can ba. Abin da ta sani, daga bakin uwarta ta ji, don uwar tana dafa wa leburori abinci a gonar da ya yi aiki. Ta ce in wa'adin kwantiragi ya cika, akan jera leburori a gaban Bature. A gonar nan ba a son sakin ma'aikaci mai ƙarfi, sai a ce masu iyali a gida su ne za su fara shiga jirgi, sauran a sabunta musu. Da aka zo kansa, ya ce yana da mata da ɗa. Tafinta ya ce Bature ya ce ya faɗi sunan matar. Ya sunkuyar da kai. Aka ce to sunan ɗan. Ya ƙara sunkuyar da kai, yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafarsa. Kafin ya ɗago, Bature ya ce maƙaryaci ne, wanda yake da ɗa ai ya san sunan ɗansa. Aka tsula masa bulala a gaban jama'a saboda ƙarya, aka dangwala masa yatsa a sabon wa'adi. A cikin wannan wa'adin ice ya karya masa ƙafa.

Ta ce, "Uwata takan ba da labarin ana dariya, mutumin da ya ƙirƙiri iyali ya manta bai raɗa musu suna ba. Ki yafe mini 'yata, ka yafe mini Alhaji, haka muka ɗauka."

Baba ya juyo. Ni kuwa tuni na gane, kuma na ga shi ma ya fara ganewa. Ita ce ba ta gane ba. Uwarta ce ta rene ta, makarantar 'yan mishan ta yi, inda kowa ake kiransa da sunansa gatsau. Hausar ta riƙe, kunyar ba ta iso gare ta ba.

Ya dawo ya zauna. Ya ce, "Ci gaba. Duk abin da kika tuna."

Ta ce ba wani abu kuma, sai dai wani hali nasa da yake ba su mamaki suna yara. Yana kiran duk yaran unguwa da sunansu, ban da yayanta. Shi kaɗai yake ce wa "kai" ko "mai sunan nan". Sun ɗauka ƙinsa yake yi. Amma kuma in ya samu gasasshen kifi ko ayaba, shi yake ɓoye wa. In aka doke shi a makarantar allo, tsohon ya yi ta faɗa har sai an ba shi haƙuri. Ran da yayan ya yi zazzaɓi mai tsanani, tsohon a bakin ƙofarsu ya wuni, ya ƙi cin komai.

Baba ya ce, "Yayan naki, me sunansa?"

Ta faɗa.

Ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma ba na faɗinsa. Ban taɓa gaya mata sunan Baba ba, kuma ba ta da inda za ta ji shi.

Na yi tsammanin zai yi kuka. A'a, tsohon nan sai ya daki hannun kujera ya fara faɗa, yana kallon bango kamar mutumin yana tsaye a wurin. "Wawan mutum! Suna ne fa! Suna kawai! Da ka faɗa mana! Wa zai ji ka a can? Wa ya san ka? Kunyar wa kake ji, kunyar Bature? Ka bar mace tana kallon hanya har ta makance, ka bar ni ana yi mini gori, saboda kunya!" Muryarsa ta karye a tsakiya, ya dafe ƙirji. Na ruga na ɗauko ƙwayar da ake sa masa a ƙarƙashin harshe, garin gaggawa kwalbar ta zube a ƙasa. Hajiya ta durƙusa tana tsinta tana salati. Na ɗauki waya zan kira motar asibiti, ya riƙe mini hannu gam, ya girgiza kai. Muka zauna haka, ina ƙirga numfashinsa da idona, har jinin fuskarsa ya dawo.

Da ta tashi tafiya, ya ce mata in ta koma ta je kabarin ta yi masa addu'a, in har ana gane wurin. Ta ce ana ganewa. Ya ce ta gaida yayanta. Bai ƙara cewa komai ba, ranar nan da washegari. Ban sani ba ko fushi yake da ni. Na kai masa abinci, ya ci kaɗan, ya juya fuska ga taga yana kallon motocin da ke shiga kasuwar 'yan Sin da ke kusa da gidan. Ƙanena ya yi ta kira ban ɗauka ba.

Lahadi da safe muka tafi asibiti. Aka sa masa rigar nan mai ɗauri a baya, wadda ya ce ko mahaukaci ba zai yarda da ita ba a garinmu. Aka kwantar da shi a gado mai taya, aka tura har bakin wata ƙofa mai faɗi inda aka ce iyakata ke nan. Na tsaya. Wata nas, ita ma 'yar Filifin, ta sunkuya kansa tana yi masa tambayoyin da ake yi kafin a shiga. Baba yana jin Turancinsa na ma'aikata, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, in an gama, wa za a kira daga ɗakin jira? Me sunan wanda ya rako shi?

Duk zuwan da muka yi asibitin nan a baya, in aka yi wannan tambayar, nuna ni yake yi da haɓa, ni in amsa. Na buɗe baki zan amsa daga inda nake, kamar kullum. Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai cindon, ya tsayar da ni.

Na ga idonsa ya sauka ƙasa. Nas ɗin ta kalli agogo, ta ce, "Baba, yalla, a yi sauri." Mai tura gadon ya riga ya sa ƙafa ya saki birki.

Sai ya faɗa. Da ƙarfi ya faɗa, har mutanen da ke zaune a bayana suka ɗago kai. Nas ta ce ba ta ji da kyau ba, ya sake faɗa, a hankali, gaɓa-gaɓa, ya ƙara da cewa, "'Yata ce. Ita ce ta fari."

Ƙofar ta rufe. Na zame na zauna a ƙasa a wurin, mace da girmana, ina kuka har wani mai shara ya kawo mini ruwa. Shekarata arba'in da ɗoriya a duniya, ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakin ubana ba sai ranar.

An yi aikin lafiya. Da ya farfaɗo ya buɗe ido ya gan ni a kansa, ya motsa leɓe, na kai kunnena kusa. Ya ce, "Ke, ba ni ruwa."